Rim ɗin Bayan Rumbu

Ranar wata Litinin a ƙarshen bazara, shekarar da nake aji biyar na firamare, na tsaya a gindin darbejiyar makarantarmu riƙe da guntun rodi, ɗalibai sun ja layi a gabana, har da ƙartin aji shida masu gemu yana shirin tsirowa. A reshen bishiyar an rataye rim ɗin tarakta da waya riɓi uku, wato ƙarfen nan zagayayye da ake ɗaura taya a jikinsa. Hedimastanmu, Malam Haladu, ya duba agogonsa ya ɗaga mini hannu, ni kuwa na zage na maka masa rodin. Ƙarar ta tashi ta ratsa filin ƙwallo, ta tsallake gonakin gero da ba a shuka ba tukuna, har balbelun da ke bin shanu a bakin fadama suka watse. Malam Haladu ya gyaɗa kai ya ce, "To, yau muka yi ƙararrawa. Daga yanzu Iro ne mai kula da lokaci." Aka tafa mini. Ban taɓa jin kaina ya kumbura irin na wannan safiya ba, kuma rim ɗin nan sato shi na yi daga gidanmu.

Ƙauyenmu yana gabas da Haɗeja, a gefen hanyar Guri, makarantar kuwa tana ƙauyen gaba, tafiyar kusan rabin awa idan ba mu tsaya jifan goruba ba, kuma kullum sai mun tsaya. Kafin zuwan rim ɗin, abin da ake bugawa wani ɓallin tsohuwar garma ne, ƙararsa kamar tarin akuya, na bayan aji ma ba ya ji. Shi ya sa Malam Haladu ya yi shela cewa duk yaron da ya samo ƙarfe mai amo, shi za a ba riƙon lokaci. Wanda bai yi irin makarantarmu ba ba zai gane girman wannan muƙami ba. Mai lokaci shi ke ɗaura agogon hedimasta daga safe har tashi, ba ya shara, ba ya ɗebo ruwan randar malamai, kuma bulalar latti ba ta hawa kansa tunda sai ya buga ake fara ƙirga masu latti. Ni kuwa a lokacin guntu ne, ƙanƙani, idan ana langa da ni ake fara kayarwa, idan ana ƙwallon tsumma a raga ake ajiye ni don babu wanda ke so na a gefensa. A gida ma aikina bai wuce yankan ciyawar awaki, kai abinci gona da korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa ba. Ina son a san da ni, son da har yake hana ni jin daɗin tuwo.

Mahaifina yana da tsohuwar tarakta ja wadda ya saya ta hannu, mu yara muna ce mata tantan. Ita kaɗai ce a ƙauyuka ukun da ke kewaye da fadamarmu. Mai jan ta shi ne Baba Modu, dogon mutum mai zanen Barebari a kumatu, wanda kakanninsa suka taso daga wajen Tafkin Cadi suka zauna a nan tun kafin a haifi mahaifina. Tare da mahaifina suka yi karatun allo, tare suka koyi iyo a kogi, kuma tun da na yi wayo a kwano ɗaya nake ganin suna cin abinci a zaurenmu. Baba Modu Hajja yake kiran taraktar, yana yi mata magana kamar mai ji. Idan ta ƙi tashi da safe sai ya dafa ƙeyarta ya ce, "Haba Hajja, a gaban yara za ki kunyata ni?" Ni kuma abokina yake ce mini. Shi ne ya fara ɗora ni a kan kujerar direba, shi ne ya koya mini bambancin sifana mai lamba goma sha tara da ashirin da biyu, kuma idan ya dawo daga Haɗeja ba ya rasa alewar da zai cusa mini a aljihu ba tare da ƙannena sun gani ba.

Ƙasar fadamarmu baƙar laka ce. Da rani takan tsattsage har ƙafar yaro ta shige, ta yi tauri kamar dutse, ga kututturan ƙaya a ɓoye. Ƙafafun gaba na tarakta su ke shan wahalarta, ko taya ta fashe, ko rim ya tsage ta wajen ramukan noti. Mai faci da mai walda kuwa sai Haɗeja. Saboda haka Baba Modu yana da tsarinsa da ba ya saɓawa. Da an gama aikin shekara sai ya kwance safayar ƙafar gaba, wato ta ajiya, gida uku. Tayar ya rataye ta a inuwar zaure, tif ɗin, robar ciki mai riƙe iska, ya barbaɗe shi da hoda ya naɗe a buhu, rim ɗin kuma ya shafe shi da baƙin mai ya kwantar a bayan rumbunmu ya rufe da tsohuwar tabarma. Ya ce idan aka bar su a haɗe cikin zafin bazara, tsatsa ke cinye tif ta ciki. Sai ruwan farko ya sauka yake haɗa su. Na sha jin yana cewa, "Hajja ƙafarta biyar, huɗu na tafiya, ɗaya ta dawowa gida." Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin ƙuruciya. Na san amfanin ƙarfen nan sarai. Abin da na gaya wa kaina kawai shi ne, ai damina biyu ke nan ban ga an ɗaura shi ba.

Ranar wata Juma'a, da maza suka tafi masallaci a babban gari, na ce cikina ke ciwo. Inna, mahaifiyata, tana ɗaki tana tankaɗe. Na zaga bayan rumbu na yaye tabarmar, na tayar da rim ɗin da kyar, na fitar da shi ta ɓarakar danga inda awaki ke bi. Ya yi nauyi, amma duk yaron da ya ƙware a wasan gare ya san abu zagayayye tura shi ake yi. Na bi ta bayan gari ina gara shi, yana faɗuwa ina tayarwa, baƙin mai ya ɓata mini riga har wuya. Na ɓoye shi a cikin gamba kusa da makaranta, na tsaya a kududdufi na dirje rigar da laka. Da Litinin ta zo na gaya wa Malam Haladu cewa tsohon ƙarfe ne da aka yar a gidanmu. Bai yi mamaki ba, tunda kowa ya san gidan masu tantan ne. A makon nan ya sa aka shafa masa ragowar fentin ƙofar ofis, kore da fari, ya tashi daga kamanninsa. Yaran ƙauyenmu da ke makarantar ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma babu wanda ya taɓa leƙa bayan rumbunmu.

Na ci duniyata da tsinke kusan wata guda. Agogon Malam Haladu ya yi mini yawa, sai da na ƙara huda a madaurinsa da ƙusa. Nakan ƙara wa hutun tara minti biyar idan muna cin ƙwallo, in rage idan ana cinmu. Waɗanda ke kayar da ni a langa suka koma ba ni rake da gyaɗa.

Sai ruwan farko ya sauka. Da hantsi Baba Modu ya sauko da tayar, ya kwance buhun tif, ya zaga bayan rumbu. Ina bakin turken awaki ina kallonsa. Ya ɗaga tabarmar, ya tsaya, ya sake zagaya rumbun kamar ƙarfen zai iya sauya wuri da kansa. Aka kira mahaifina, aka duba ɗakin kaji, aka duba bayan danga. Mahaifina ya juyo ya dube ni ya ce, "Iro, ko kun ɗauka kun yi gare da shi?" Na ce, "A'a, Baba." Kafin ya sake tambaya Baba Modu ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, dubi abokin nawa fa. Wannan ƙarfen ai ya fi ƙarfinsa." Shi da bakinsa ya wanke ni, na sunkuyar da kai na ci gaba da zuba wa awaki dusa.

Noman shinkafar fadama ba ya jiran kowa. Tsakanin ruwan farko da ke tausasa laka da manyan ruwan da ke mayar da ita taɓo, 'yan kwanaki ne. A cikinsu ake yin haro, wato kaftun tarakta, a watsa iri, don shinkafa ta yi tsawo kafin kogi ya cika ya malalo. Idan ruwan ya tarar da ita ta kai gwiwa, tare suke tashi. Idan ya tarar da ita jaririya, ya shanye ta. Ga gonarmu, ga gonakin mutanen da suka yi layi suna jiran Hajja, don haka Baba Modu ya shiga da ƙafa huɗu. A rana ta uku, a tsakiyar gonarmu, ƙafar gaba ta hagu ta faɗa wata tsaga, rim ya dare daga ramin noti har baki. Na kai abincin rana na tarar da taraktar a durƙushe, Baba Modu yana kwance cikin laka yana neman inda jak zai zauna. Da safayar tana nan, aikin rabin awa ne. Ya ɗaura rim ɗin a bayan mashin ya kai Haɗeja aka yi walda, washegari ya sake darewa tun kafin ya gama kunya biyu. Aka bi masu kayan gyara, aka aika Auyo, aka aika Jahun, ba a sami mai irin ramukansa ba don motar tsohon yayi ce. Sai Kano aka aika. Kafin ya iso an yi ruwa uku masu ƙarfi, Hajja ta nutse har ciki, da shanun huɗa aka jawo ta.

Duk kwanakin nan ina zuwa makaranta ina dukan abin da ake nema ruwa a jallo. Safe in buga, tara in buga, tashi in buga. Na san da zan buɗe baki, kafin azahar an kwance wayar an kankare fentin an ɗaura. Nakan shirya maganar a hanya, in ce yau da na isa gida zan faɗa. Sai in tuna bulalar mahaifina, in tuna yadda za a tsayar da ni gaban layi a kira ni ɓarawo. Amma idan zan faɗi gaskiya, ba bulala ce ta fi riƙe ni ba, agogon nan ne ba na son a kwance daga hannuna.

Mutane suka koma wa fartanya da garmar shanu, aka yi shuka a makare. Da kogi ya malalo, ya tarar da shinkafa ko taƙi ba ta kai ba. Na bi mahaifina a kwalekwale muka ratsa ta saman gonarmu, babu abin da ake gani sai ruwa da kan kacalla. Ya juya kwalekwalen muka dawo. A shekarar nan tuwon dawa muka ci har muka manta ɗanɗanon shinkafa, maƙwabta da yawa kuma samarinsu suka tafi ci-rani tun kafin kaka. Ƙananan maganganu suka fara yawo. Wani mai sayen kifi ya ce shi kam da bazara ya ga Modu a kan mashin da wani abu zagayayye a buhu, ya nufi Auyo. Wataƙila faranti ne, wataƙila rariya, wataƙila ma bai ga komai ba. Amma kowa ya san mutum biyu ne suka san makwancin rim ɗin, mai shi da mai ajiye shi.

A nan ne halin manyanmu ya yi mini rufin da ban cancanta ba. Da mahaifina mai faɗa ne, da ya fito fili ya ce Modu ina ƙarfena, da Baba Modu ya rantse, da an yi cigiya a masallaci da kasuwa, da wani ya ce ai kuwa ga wani can rataye a makaranta. Amma mahaifina mutum ne mai kawaici, yana ganin tambayar amini irin wannan tambaya cin fuska ne. Baba Modu shi ma yana ganin kare kai daga zargin da ba a furta ba zubar da girma ne. Kowa ya rufe bakinsa don ganin mutuncin ɗan'uwansa. Wata safiya bayan janyewar ruwa, ina share zaure, mahaifina ya ce, "Modu, bana ka huta. Yaron wajen ƙanena zai riƙa jan motar." Baba Modu ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, "To Alhaji, Allah ya bar zumunci." Mahaifina ya ce amin. Da zai fita ya bi ta gefen taraktar, bai dafa ta ba.

Ba su yi gaba ba. Suna gaisawa a masallaci, suna zuwa suna da jana'iza a gidajen juna. Kwanon ne dai ya rabu. Inna ta yi kusan mako tana zuba tuwon mutum biyu saboda sabo, ni nake kaiwa zaure, ni nake dawowa da rabi. A gari kuwa aka daina ba Baba Modu ajiya, aka daina aikensa da saƙon kasuwa, idan ya zauna a majalisa sai wani ya jawo buhunsa kusa da ƙafa. Ya koma kamun kifi da tarkon mali. Wata rana na haɗu da shi a hanyar makaranta, wandonsa a naɗe, yana ɗauke da ƙwarya. Na so in ratse ta cikin gonaki amma ya riga ya gan ni. Ya kama hannuna ya duba agogon ya ce, "Abokina, ashe kai ne mai lokacin makaranta? Madalla, ka riƙe amana." Ya zaɓo tarwaɗa biyu manya ya ce in kai wa Inna. Na karɓa, har godiya na yi. Kafin wata damina ya kwashe iyalinsa ya koma Guri, ya kama aiki a injin casar shinkafa.

Na gama firamare na miƙa rodin ga wani yaro, na yi sakandare a Haɗeja, na yi gaba, na sami aiki, na yi aure. Ƙarya nake idan na ce kullum abin yana raina. Nakan yi shekara ban tuna ba, sai in ga tarakta a gefen titi an cire mata ƙafa, abinci ya fita kaina. Sau da yawa na zauna da mahaifina mu biyu, hira ta yi daɗi, in ga ga dama, sai in ce bari dai wani zuwan. Da ina yaro tsoro ne ya hana ni, da na girma kuma kunya, kuma kullum kunyar ƙaruwa take da yawan shekarun da na yi shiru.

Shekara uku da suka wuce mahaifina ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wata la'asar ina yi masa fifita a tsakar gida, ba tare da wani ya ɗauko zancen ba, ya ce, "Har yau ban san abin da ya sa Modu ya yi mini haka ba. Da ya tambaye ni, wallahi da motar ma na ba shi." Ya juyo yana kallona, idonsa ya kawo ruwa. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, da furfura a gemuna. Na ce, "Baba, a bar tuna baya, ka huta." Na gaya wa kaina ba a ɗaga hankalin majinyaci. Bayan kwana shida ya rasu. Baba Modu ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya tafi kafin a watse.

Bayan sadakar arba'in na hau mashin na tafi Guri. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran koma, ya tsufa, ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya. Ya ce, "Lale, lale, abokina," ya sa aka kawo ruwa. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga Juma'ar nan har fenti. Dole na ɗaga murya saboda kunnensa, abin da na ɓoye shekara ashirin da wani abu sai ga shi ina faɗa da ƙarfi har matan gida suna ji. Ya saurara bai katse ni ba, zaren yana hannunsa. Da na gama ya ajiye zaren. Sannan ya ce, "Ni na yafe maka, Iro, duniya da lahira. Yaro ne kai." Na fara godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Alhaji fa? Ka gaya masa?" Na ce a'a. Ya ce, "Ko a ƙarshe?" Na ce ko a ƙarshe. Ya sunkuya ya ci gaba da ɗinkin komarsa. Can ya ce, a hankali kamar ba da ni yake ba, "Shi ne nake so ya ji."

Yanzu taraktoci sun yi yawa a fadamarmu, masu faci har bakin gona suke zuwa da injinsu a bayan mashin. A Haɗeja akwai shagunan da rim ke jere tun daga ƙasa har rufi, na gaba da na baya, sabo da na hannu. Idan ƙafa ta karye da hantsi, direba ya ɗauki hoto da waya ya tura, kafin la'asar an kawo masa wata. Yaran yanzu ba za su yarda cewa ƙarfe ɗaya ya taɓa cinye daminar ƙauyuka uku ba, balle ya raba mutum biyu da suka tashi tare. Ina kewar zamanin da zan shigo zaure in tarar da su sun sa kwano a tsakiya suna gardamar ranar da ruwa zai sauka, kuma na san da hannuna na tashe wannan zama. Baba Modu ya ji gaskiya, mutanen gari ma sun ji, don na faɗa a masallacin babban gari bayan sallar Juma'a. Mahaifina kuwa ya tafi da zargin amininsa a zuciya, alhali amsar tana zaune kusa da shi tana yi masa fifita.